Yadda kwamfutar kawuna ta kusa zubar masa da mutunci, da abin da na koya game da buɗaɗɗun manhajoji

Masu sauraro da kunne, da ku da kuke karantawa a nan shafin saboda data ta yi tsada ko kuna wurin da ba halin kunna sauti, duk ina gaishe ku da kyau.

Yau daga gida nake magana, Garun Mallam. In kun ji ƙarar injin ban ruwa a bayan muryata ku yi haƙuri, lokacin noman rani ne, ba yadda zan yi in ce maƙwabci ya kashe injinsa saboda ina ɗaukar shiri.

Maganar yau ta kwamfuta ce, amma kada wanda ba shi da kwamfuta ya tashi. Ta shafi mai waya, ta shafi ɗalibin da zai zana JAMB, ta shafi mai shagon buga takardu, ta shafi sakataren ƙungiyar manoma. Zan fara da abin da ya faru a gidanmu, don shi ne ya sa na shiga wannan harka.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ne sakataren wata 'yar ƙungiyar manoma a yankinmu. Kun san yadda abin yake a nan. Ruwa yana tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babban kanal ya rarrabu a gonakin Bunkure da Kura da Garun Mallam. Inda duk aka haɗu a kan ruwa ɗaya, to dole a yi lissafi ɗaya: wa ya biya kuɗin ruwa, wa ya karɓi taki bashi, wa ya ba da kuɗin yashe magudana, nawa aka samu da aka kai tumatur Kwanar Gafan. Shekara da shekaru kawu a littafi yake rubuta waɗannan abubuwa, irin dogon littafin nan mai baƙin bango.

Da na gama jami'a na dawo gida da zafin kai, sai na ce masa: "Kawu, ai zamanin littafi ya wuce. Ku sayi laftof, ni zan koya muku." Ya ce: "Kai ɗan nan, littafin nan bai taɓa ci mini amana ba." Na yi ta naci har ƙungiya ta yarda. Muka shiga Kano muka sayi laftof na hannu. Mai shagon ya ce zai zuba mana komai kyauta, Windows da Office da sauran tarkace, duk irin waɗanda aka fasa makullinsu, waɗanda muke cewa kirak. Na ji daɗi, na ce mun yi riba.

Kusan shekara guda lissafin ƙungiya yana cikin kwamfutar nan. Littafi kuwa aka jefa shi ƙarƙashin gado. Ran nan wani ƙanina ya ari laftof ɗin, ya sauko da wata manhajar gyaran bidiyo ta kirak daga wani shafi. Washegari kawu ya kunna, duk fayilolin sun ƙi buɗewa. Sunansu ya canza, kuma ga wata takarda da Turanci tana cewa an kulle su, sai an biya ɗaruruwan daloli za a buɗe. Saura 'yan kwanaki a yi taron rabon lissafi.

Jama'a, ranar taron nan ba zan manta da ita ba. Dattijo ya tashi a gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro ya ce lissafi ya ɓace a cikin kwamfuta. Wa zai yarda? Wani ya ce daga baya: "To ai dama haka ake cin kuɗin jama'a yanzu, sai a ce kwamfuta ce." Kawu bai ce uffan ba. Da muka dawo gida ya kalle ni ya ce: "Ka ga abin da na gaya maka?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sati uku muka yi muna bin gida-gida, muna tattara rasit, muna duba saƙonnin banki a wayoyin mutane, muna tambayar wanda ya tuna. Mun haɗa mafi yawan lissafin, Alhamdulillah, kuma mutuncinsa ya dawo. Amma akwai mutum biyu da har yau gaisuwarsu da kawu ba ta koma yadda take ba. Ni na jawo, don ni na raba shi da littafinsa, na ɗora amanar jama'a a kan kayan da ban san me ke cikinsu ba.

To daga nan ne na zauna na fara bincike. Tambayata ita ce: talaka da ba zai iya biyan kuɗin lasisin manhaja da dala ba, shin ba shi da wata hanya sai ta kirak? Sai na tarar akwai hanya, ta girme ni ma, kawai dai ba a gaya mana ba ne.

Bari in yi bayani a sauƙaƙe. Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta, layi bayan layi, da yaren da kwamfuta ke ganewa. Wannan rubutun shi ne asalin manhajar, masana suna ce masa kod. Yawancin kamfanoni suna ɓoye shi. Su ba ka manhajar ka yi amfani da ita bisa sharaɗinsu, amma ba ka da ikon leƙa cikinta, ba ka da ikon gyara ta, ba ka da ikon kwafa wa abokinka. Ko ka biya kuɗi, izinin amfani ka saya. Akwai kuma wasu manhajojin da masu su suka buɗe asalin rubutun ga kowa, suka rubuta a lasisi cewa kowa ya ɗauka, ya yi amfani, ya duba, ya gyara, ya raba. Su nake kira buɗaɗɗun manhajoji.

Mu 'yan yankin noma misalin ba zai yi mana wuya ba. Akwai irin da kake saya a leda daga kamfani, ya yi kyau ya ba da amfani, amma in ka ɗebi 'ya'yansa ka shuka baɗi ba zai ba ka irin abin da ya ba ka bana ba, dole ka koma ka sake saya. Akwai kuma irin gida, wanda kakanninmu suke zaɓa su ajiye a rumbu, su ba maƙwabci, shi ma ya zaɓi mai kyau a cikinsa ya ajiye ya ba wani. Kowanne da amfaninsa, ban ce na kamfani ba shi da kyau ba. Amma irin gida naka ne, ba wanda zai zo ya ce wa'adinsa ya ƙare.

Tarihin abin ya faro ne daga wani Ba'amurke, Richard Stallman, da ke aiki a jami'ar MIT. Injin buga takardu na ofishinsu yana yawan maƙalewa, ya so ya gyara manhajarsa, aka hana shi ganin asalin rubutun. Abin ya ci masa rai. A 1983 ya ƙaddamar da wani aiki mai suna GNU, na rubuta manhajojin da kowa ke da 'yanci a kansu. Ya lissafa 'yanci huɗu: ka yi amfani da manhaja a duk abin da ka ga dama, ka iya nazarin yadda take aiki ka canza ta, ka iya kwafa wa wani, sannan ka iya raba wadda ka gyara. A 1991 kuma wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wani tsarin tafiyar da kwamfuta ya sake shi a intanet. Shi ne Linux. Lokacin shekarunsa 21, ƙasa da nawa yanzu, ƙasa da na da yawa daga cikinku.

Wani zai ce, to abin da aka bayar kyauta ai ba zai yi ƙarko ba, araha ba ta ado. Ka ciro wayarka ka duba. In dai Android ce, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Kana amfani da shi kullum ba ka sani ba. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun daga ƙarshen 2017 dukkansu da Linux suke aiki. Wikipedia, har da ta Hausa da matasanmu ke rubutawa, a kan buɗaɗɗiyar manhaja mai suna MediaWiki take. A nan gida Najeriya, bayanan da ake tattarawa daga asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya ana shigar da su ne a wata manhaja mai suna DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar aikinta, ita ma buɗaɗɗiya ce. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe da komawa kan irin waɗannan manhajoji. Jandarmomin Faransa suna da dubun-dubatar kwamfutoci a kan Linux. A 2024 wata jiha a arewacin Jamus, Schleswig-Holstein, ta sanar za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice. Waɗannan ba talauci ne ya kai su ba. Ba sa so ne bayanan jama'arsu su zama a hannun kamfani ɗaya.

Mu ma 'yan Afirka da hannunmu a ciki. Ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da suka fi shahara shi ne Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da shi a 2004. Kalmar ubuntu daga yarukan Zulu da Xhosa take, ma'anarta ta yi kusa da abin da muke cewa mutuntaka, wato mutum ba ya cika mutum sai da mutane.

To yanzu mu sauko kan aikin yau da kullum, don na san abin da kuke jira ke nan.

Na farko rubutu da lissafi. Akwai LibreOffice, wanda ya fito a 2010, wata gidauniya da ke Jamus ce ke kula da shi. A cikinsa akwai Writer na rubuta wasiƙa da takardar neman aiki da furojet, akwai Calc na lissafi a jadawali, akwai Impress na gabatar da bayani a allo. Yana buɗe fayilolin Word da Excel, yana kuma iya ajiye aikinka a tsarinsu. Yana mayar da takarda PDF da latsawa ɗaya. Ba ya neman intanet kafin ya yi aiki, ba ya fito maka da jan rubutu cewa lasisinka ya ƙare. Kuma ku lura, ba sai ka bar Windows ba, a kan Windows ɗin ma yana hawa. Nauyinsa bai kai rabin giga ba. Mutum ɗaya ya sauko da shi ya zuba a filash, duk unguwa ta kwafa, kuma halal ne, masu shi ne suka ce a yi hakan. Lissafin ƙungiyar kawu yanzu a Calc yake.

Na biyu shiga intanet, akwai Firefox. Na uku kallon bidiyo da sauraren karatu, akwai VLC, mai alamar hular nan ta kan titi mai ruwan lemo. Na san da yawanku kuna da shi, ba ku dai san buɗaɗɗe ba ne. Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi a Faransa. Na huɗu sauti. Wannan shirin da kuke ji, da Audacity nake yanke shi, in rage ƙarar iska, in cire inda na yi tari. Ban taɓa biyan ko sisi a kansa ba. Masu gyaran hoto akwai GIMP. Masu zanen katin biki da fosta da tambari akwai Inkscape. Masu haɗa bidiyo, irin abin da ya kai ƙanina ga kirak, akwai Kdenlive da Shotcut. Masu son watsa karatu ko taro kai tsaye akwai OBS Studio.

Akwai kuma waɗanda suka dace da yankinmu musamman. In ƙungiya tana son tattara bayanan mambobinta, girman gonar kowa da abin da ya shuka, akwai ODK da KoboToolbox. Ka tsara tambayoyi, a cike su a waya a tsakiyar gona ba tare da sabis ba, in an samu sabis a tura. Ƙungiyoyin lafiya da na agaji sun daɗe suna aiki da su a Arewa. Wanda ya karanci labarin ƙasa ko aikin gona, ya koyi QGIS na zana taswira. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar duniya da kowa ke iya gyarawa. Ka buɗe ka duba ƙauyenku. In ba ka ga makarantarku ko asibitinku ko hanyar da ta bi gefen kanal ba, kai za ka saka, ba sai ka jira wani daga Abuja ba. Makarantar da ba ta da intanet kuwa, akwai Kiwix, da shi ake sauko da Wikipedia gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta, yara su yi ta bincike ba data.

Ga wani abu da ya faranta mini rai. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa, a Linux akwai tsarin madannai na Hausa a shirye, zaɓa kawai za ka yi. Akwai kuma Keyman, da ke aiki a kwamfuta da waya. Masu rubutun ajami, akwai wani salon haruffa mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta fitar, an zana shi ne bisa irin rubutun hannun da ake yi a yankin Kano, kuma kowa na iya ɗauka kyauta. Na nuna wa wani malamin allo a garinmu, ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, ya ce: "Ikon Allah, wannan ai rubutunmu ne."

Sai babbar magana, wato canza tsarin kwamfutar gaba ɗaya zuwa Linux. Dalilin da ya sa wannan ta taso yanzu shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai dai wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. To su waye ke riƙe da tsofaffin kwamfutoci? Mu ne. Laftof ɗin da aka gama yayinsa a Turai shi ake kawo mana mu saya. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma ƙofarta a buɗe take ga ɓarayi. Wanda ya tuna 2017 ya san abin da ake kira WannaCry, cutar kwamfuta da ta bi ta kan na'urorin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

A nan Linux yake da rana. Akwai wani nau'i mai suna Linux Mint, fuskarsa ta yi kama da ta Windows, wanda ya saba ba zai ɓata ba. Yana iya tashi a kwamfuta mai ram giga 2, ko da yake 4 ya fi daɗi. Tsohon laftof ɗin kawu da ke ɗaukar lokacin shan shayi kafin ya buɗe, yanzu kafin ka gyara zama ya tashi. Da irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci guda uku muke koya wa yara riƙe linzami da danna madannai kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Na ga yarinya mai ƙoƙari da ta san amsa amma hannunta yana rawa don ba ta taɓa taɓa linzami ba. Irin wannan yarinyar ba sabuwar kwamfuta take buƙata ba, wadda za ta kunnu ta zauna a gabanta ta awa biyu kawai take nema.

Yanzu bari in faɗi ɓangaren da masu tallar abin ba sa son faɗa, don ba zan sake yi wa kowa irin abin da na yi wa kawu ba.

Na ɗaya, akwai wahalar sabo. Maɓallin da ka saba gani a dama za ka same shi a hagu. Satin farko za ka ji haushi. Na biyu, in ka rubuta takarda mai ado da yawa a LibreOffice aka buɗe ta a Word, wani lokaci layuka suna gocewa. Maganinsa, in za ka kai bugawa ka mayar da ita PDF tukunna. Na uku, yawancin masu buga fosta da kati a Kano da CorelDRAW suke aiki. In sana'arka ke nan, kada ka goge kayan aikinka rana ɗaya saboda ka ji ni. Ka koyi Inkscape a gefe, ka riƙa kai musu aiki a PDF ka ga yadda zai fito. Na huɗu, wasu injinan buga takardu da wasu manhajojin ofis ba sa tafiya da Linux, sai ka gwada kafin ka yanke hukunci. Na biyar, in ta lalace maka a ƙauye, mai gyaran da ya san Linux bai da yawa. Wannan matsala ce, amma ga mai neman sana'a dama ce.

Na shida, kuma ku riƙe wannan da kyau: buɗaɗɗiyar manhaja ita ma mutane ne suka rubuta ta, tana da kurakurai. A 2014 an gano wata babbar ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a wata manhajar tsaro da shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka dogara da ita. A watan Maris na 2024 kuma asiri ya tonu game da wani da ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne, ashe ƙofar sata yake sakawa a wata manhaja mai suna xz. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura kwamfutarsa tana ɗan jinkirin da bai saba gani ba, ya bi diddigi ya tono abin kafin ya yaɗu. Ya iya tonowa ne saboda rubutun a buɗe yake. Kirak ɗin da aka zuba maka a shago fa, wa ya duba cikinsa? Wanda ya fasa makullin kamfani ya ba ka kyauta, me ya sa kake zaton ya bar naka makullin? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A nan zan ja kunnen masu GBWhatsApp da ire-irensa. Wannan ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, kirak ne. Wani da ba ka sani ba ya ɗauki manhajar mutane ya cusa abin da ya ga dama, kai kuma ka miƙa masa hotunan iyalinka da saƙonnin bankinka. Ga shi kuma ana iya rufe maka lamba a kansa. Kyauta daban, buɗaɗɗe daban. Facebook ɗin nan da kuke karanta ni a kai kyauta ne, amma a rufe yake ruf, kuma da bayananmu da tallan da ake nuna mana muke biya. Ni ma ina amfani da shi, don nan jama'a suke. Ina dai so mu riƙa sanin abin da muke bayarwa.

Akwai kuma ɓangaren haƙƙi. Na san mun saba, har ba ma ganin kirak a matsayin komai. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Amma ni dai a raina, tunda ga wanda mai shi ya ce ɗauki na yafe, ga kuma wanda mai shi ya ce ban yarda ba, na fi samun natsuwa da na farkon.

To me za ka yi in ka tashi daga wannan shiri? Kada ka goge komai yau. Ka fara da abu ɗaya. Ka sauko da LibreOffice daga shafinsu na asali, kada ka ɗauko daga shafin da ke cike da tallan caca. Ka yi wata guda kana rubutu da shi. In ya karɓe ka, ka ƙara Firefox da VLC. In kana son ganin Linux, ka nemi filash mai giga 8, a zuba maka Linux Mint, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ka yi amfani da shi ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutarka ba. Ka gwada sauti, ka gwada intanet, ka gwada injin buga takarda. In ka zare filash, komai ya koma yadda yake. Sai ka gamsu sannan ka girka, kuma kafin ka girka ka kwashe duk fayilolinka zuwa wani wuri.

Wannan na ƙarshen shi ne babban darasin da na koya, kuma bai da alaƙa da irin manhajar da kake amfani da ita. Duk abin da yake amanar jama'a ne, kada ya zauna wuri ɗaya. Yanzu lissafin ƙungiyar kawu yana cikin laftof, yana cikin filash da ke hannun ma'aji, sannan duk ƙarshen wata ana bugawa a takarda shugaba ya sa hannu. Littafin mai baƙin bango ma an ciro shi daga ƙarƙashin gado, kawu ya ci gaba da rubutu a ciki. Da na gan shi ban ce komai ba, don shi ke da gaskiya tun farko.

Kafin in rufe, ina da roƙo ga 'yan uwana matasa, musamman mu da muka gama karatu muke zaune muna jiran takardar ɗaukar aiki. Waɗannan manhajoji da aikin gayya aka gina su. Kun san in kachalla ta cike kanal, ba mai gona ɗaya ne ke shiga ya sare ta ba, kowa yake fitowa, don in ruwa ya tsaya kowa zai ji a jikinsa. To mu a wannan gayyar mun fi yawa a wajen ɗiba. Kuma ba sai ka iya rubuta kod za ka taimaka ba. Manhajoji da yawa suna jiran wanda zai fassara su zuwa Hausa, don irin su kawu su daina haddace wurin maɓalli ba tare da sanin abin da aka rubuta a kai ba. Akwai shirin Common Voice na Mozilla, inda za ka karanta jimlolin Hausa da muryarka, a tara, don na'urori su koyi jin harshenmu, kuma abin da aka tara na kowa ne. Akwai Wikipedia ta Hausa, ka rubuta tarihin garinku. Akwai taswirar ƙauyenku da ke jiran ka.

Akwai kuma abinci a ciki. Lasisin waɗannan manhajoji bai hana ka karɓar kuɗin aikinka ba. Ka iya girka Linux, ka iya tayar da tsohuwar kwamfutar makaranta, ka iya tsara wa ƙungiyar manoma ko masu casar shinkafa a Kura jadawalin lissafi, ka koya wa sakatarensu, a biya ka haƙƙin guminka. Tsakanin Kura da Bunkure da Garun Mallam ƙungiyoyi nawa ne, makarantu nawa ne, shagunan taki da magani nawa ne? Duk lissafi suke yi.

Wanda ya gwada, ya dawo nan ƙasa ya gaya mana yadda ta kaya, ko daɗi ko wuya. Wanda ya maƙale ya rubuto tambayarsa, in na sani in amsa, in wani ya fi ni sani ya amsa. Wanda kuma yake da tsohon laftof a ajiye yana shan ƙura, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan tukunna, akwai yaran da za su koyi riƙe linzami a kansa.

Kawu, na san za a kunna muku wannan shiri. Ku ƙara yafe mini.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba manomanmu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana mutuncinmu.